Kafin ka sayi tsohuwar kwamfuta, tambayi batirinka

A ƙarshen hutun bara wani abokin aikina, mushe ne kamar ni, ya sauko daga motar Ƙwanni rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Ko gaisawa ba mu gama ba ya buɗe mini. Kwamfuta ce irin ta ofis, mai ƙaton akwatin ƙarfe, cikin waɗanda Turawa suka gama cin moriyarsu aka kwaso mana. Ya ce zai mayar da ita rumbun ajiya na gida, abin da masu sana'ar ke ce wa saba: na'ura guda a ɗaki, duk wayoyin gidan su riƙa zuba mata hotuna da murya da takardu ta Wi-Fi, ko da babu intanet. Jika 35 ya biya, kuma mai shagon ya rantse masa ko a Yamai ba a samun irinta a haka. Yau tana kusurwar ɗakinsa an lulluɓe ta da tsohon zane, uwargida na jera kwanoni a kanta. Batirin da ya shekara biyu yana haska masa gida kuwa, bai yi wata uku da zuwanta ba ya daina riƙe wuta.

Ba don a yi masa dariya na kawo labarin ba. Niyyarsa mai kyau ce, ni ma ina da irin wannan rumbu, kuma ina ganin duk malamin da ke da hali ya kamata ya yi. Faɗana da masu ba da shawara ne: mai shagon da ke son kayansa su fita, da yaranmu ƴan jami'a da ke kallon bidiyon wani Bature a YouTube su dawo suna karanto mana shi kamar hadda. Bakinsu ɗaya. Wai ka nemi tsohuwar kwamfutar tebur, ga araha, ga wurin sa diski huɗu. Baturen gaskiya ya faɗa, a ɗakinsa, inda kuran ba ya ɗaukewa kuma sanyi ne damuwarsa. Wanda ya ɗauko maganar ya kawo ta Adar bai canza mata ko wasali ba, shi ne ya cuci mutane.

Bari in faɗi abin da ya sa maganar nan ke ci mini rai. A 2019 na zaunar da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, dare uku ina ɗaukar muryarta a waya. Ta ba ni labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari, da yadda aka fara Projet Keita a shekarar, da yadda su mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a kan tuddai don tare ruwa, ana biyansu da abinci. Ta ambaci matan da suka yi aikin tare, gida-gida. Na ajiye a katin memori da na saya a kasuwa, an rubuta giga 64 a jikinsa. Bayan rasuwarta na je in saurara. Sunayen fayil na nan, murya babu. Katin jabu ne, cikinsa bai kai giga 8 ba. Irinsa yana karɓar duk abin da ka ba shi ba musu, in ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho, kai kuwa kana ganin jerin sunaye kana zaton dukiyarka na nan.

Kowane malami a nan yana da labari mai kama da wannan. Makin ɗalibai na shekara guda, hotunan takardun haihuwar da ake nema lokacin haɗa takardun BEPC, littattafan da aka turo ta WhatsApp, duk suna cikin waya ɗaya da za ta iya faɗawa rijiya gobe. Masu cewa a ɗora a Google Drive su sani giga 15 ake bayarwa kyauta, bidiyon biki biyu ko uku sun cinye shi. Kuma duk abin da ka ɗora da mega ka ɗora, da mega za ka sauko da shi, in rezo ya ga dama. Rumbu a gida ya zama dole. Gardamar a kan abin da za a gina shi da shi ne.

Masu shawara in suna maganar kayan da suka dace da juna, daga cikin akwati suke farawa: wane allo ne ke ɗaukar wace ƙwaƙwalwa, wane rami ke karɓar wane RAM. A Ibohaman da ƙauyukan da ke kewaye, abu na farko da na'urarka za ta dace da shi, shi ne pano da batirin da ke gidanka. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 tana cikin jiharmu, amma ba ta cajin batirin kowa a ƙauye. Ko mutanen birni da ke taƙama da layi sun ɗanɗana a watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Ku ɗauko alli mu yi lissafi irin na aji shida. Tsohuwar kwamfutar tebur, ko tana zaune ba ta aikin komai, tana cin wat 50 zuwa 80, gwargwadon tsufanta da yawan diskin da aka cusa mata. Mu ce 60. Sau awa 24, wat-awa 1,440 ke nan a kwana guda. Kuma ba ta shan wutar batir kai tsaye, sai an bi ta inbata, mai mayar da bolt 12 ya zama 220, ita ma tana cin rabonta, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Mun doshi 1,700. Pano mai wat 100, ranar da sama take garau kuma an goge masa ƙura, da ƙyar ya ba ka 500. Pano huɗu ke nan saboda ita kaɗai. Batir mai bolt 12 da amfa 100, a takarda 1,200 yake riƙewa, amma batirin dalma in kana so ya daɗe, rabi kawai za ka taɓa, wato 600. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi kusan awa 14 ne. Sau 60, 840, ba a ma sa rabon inbata ba. Kowane dare sai ta tatse batirin har ƙasa, kuma batirin dalma da ake yi wa haka kwanansa kaɗan ne. Abin da ya kashe na abokina ke nan. Kuɗin sabon batir ya fi kuɗin kwamfutar, amma mai shago bai sa wannan cikin arahar ba.

Wani zai ce ai sai a kashe ta da dare. Gaskiya ne, ni ma rumbuna ba ya kwana a kunne. Amma ko awa biyar ka kunna ta da yamma, ta kwashe rabin abin da batirin zai iya ba ka, daidai lokacin da gida ke son fitila da fanka da cajin waya. Sai ka zaɓa, ko yara su yi karatu ko kwamfuta ta ci.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin jihar Tawa yana wuce digiri 40, wani lokaci ya doshi 45, a inuwa ma. Yawancin diskoki masu juyawa iyakar da aka yanka musu digiri 55 zuwa 60 ne, kuma in suna aiki sun fi ɗakin da suke ciki zafi. Wanda ya cusa huɗu a akwatin ƙarfe ya ajiye a ɗakin kwano, gashi yake yi. Akwatin na da fanka biyu ko uku, aikinsu jan iska, kuma in hunturu ya kama abin da suke ja ƙura ce. Shigifar ƙasa ta fi kowane ɗaki dacewa da wannan aiki, a ɗora na'urar a kan katako nesa da ƙasa da taga.

Akwai kuma ƙananan tarkuna da mai shago ba ya ambata. Wasu tsofaffin akwatunan suna da ɗan jan maɓalli a baya, gefe ɗaya 115, ɗaya 230. Wanda aka yi amfani da shi a Amurka yakan zo a kan 115. Ka jona shi a 220 ɗinmu ba ka duba ba, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Waɗanda suka fi tsufa ba su da bakin SATA da diskokin yanzu ke shiga, sai IDE mai faffaɗar igiya da ƙusoshi 40. Abokina kuwa a RAM ya faɗi: ya sayo DDR3, ramin na DDR2 ne, tsagar ba wuri ɗaya take ba. Ya yi ta dannawa har ya kusa karya shi.

To me za a saya? Kwamfutar cinya mai fasasshen gilashi. Na san za a yi dariya, a yi. Ita ce abin da kowa ya raina a shagon masu gyara, shi ya sa kuɗinta ya faɗi, alhali rumbu ba ya bukatar gilashi. Sau ɗaya za a jona ta a talabijin a sa mata manhaja, daga nan ta waya ake sarrafa ta. Tana zaune a kan wat 10 zuwa 15. Awa biyar da yamma, wat-awa 75, ƙasa da abin da fanka ke ci. Ko kwana ta yi a kunne ba ta wuce 360 ba. An ƙera ta ne don tattalin wuta, tun da mai ita na farko a jaka yake yawo da ita. Ba ta bukatar inbata: akwai caja irin ta mota da ke ɗaga bolt 12 zuwa 19 ko abin da take so, a duba lambar da aka rubuta a ƙarƙashinta da girman bakin cajar. Kuma tana da batirinta a ciki. Ko minti goma kawai yake riƙewa, ya isa ta gama rubutun da take yi in yaro ya tuɓe waya. Abin lura ɗaya, zafi na kumbura batirin, in ka ga ya fara tasowa ka cire shi.

In za ka zaɓa, abu huɗu za ka duba. Ta zamo mai Core i3 ko i5, da RAM giga 4, ya wadatar. Ta zamo tana da bakin igiyar rezo, don a jona ta da ƙaramin akwatin Wi-Fi. Ta zamo tana da USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, domin na 2 zai sa ka tsufa kana jiran bidiyo. In da hali ta zamo tana da wurin DVD, saboda akwai ɗan ƙarfe da ake sakawa a gurbinsa ya ɗauki diski na biyu. Kauri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, ka auna naka kafin ka aika a sayo. Akwatin Wi-Fi shi ma yawanci bolt 12 yake sha, amma kada a jona shi a batir kai tsaye, don batir in yana caji yana wuce 14, a sa ɗan abin daidaita wuta tsakani. Manhajar kuwa kyauta ce, OpenMediaVault, ba ta da nauyi.

Ɗan yayata da ke karatu a Yamai da ya ga tawa sai ya riƙe baki.

"Kawu, wannan ai tsohon yayi ne. Raspberry Pi ake yayi yanzu, tafin hannu ta fi ta girma."

Na ce, "Yaro, in ta lalace, wa zai duba mini ita a Keita?"

Bai amsa ba. Ban ce ƙarya ya yi ba. Raspberry Pi 4 ta fito a watan Yuni 2019 a kan dalar Amurka 35, kuma ta fi kwamfutar cinya tattalin wuta. Amma allo ne tsirara. Sai ka sayi caja mai bolt 5 da amfa 3, ka sayi gida, ka sayi fanka ko ƙarfen shan zafi domin in ta kai digiri 80 rage gudu take yi, ka sayi katin memori na gaske. Duk bakunan USB ɗinta huɗu amfa 1.2 suke rabawa, alhali diski ɗaya irin na kwamfutar cinya yana jan kusan amfa guda lokacin tashi. Ka jona biyu sai ka ji suna ƙas-ƙas sun kasa tashi, sai ka ƙara sayen marabar USB mai wutarta daban. Ba ta da batir, kuma ɗaukewar wuta farat ɗaya na lalata katin da take tashi da shi. Tsakanin 2021 da 2023 ma a Turai neman ta ake yi ba a samu. Ni ban taɓa ganin ta a shagon Tawa ko na Madawa ba, amma masu gyaran kwamfutar cinya na nan, da kayan gyara a kwali. Wanda ke da ɗan uwa a Kano ko Yamai mai aiko masa da kaya, kuma hannunsa ya faɗa, ya sayi Pi, ba laifi. Malamin ƙauye da rumbunsa na farko, a'a.

Inda kuɗi ya kamata su tafi shi ne diski, kuma nan ne mutane ke yin rowa bayan sun ƙarar da kuɗin a akwati. Na kwamfutar cinya, mai inci 2.5, bolt 5 kaɗai yake sha. Babban, mai inci 3.5, yana son 12 da 5, ba ya tashi da USB sai da cajarsa. Masu son SSD su kula da siririn nan da ake kira M.2: iri biyu ne, SATA da NVMe, kamanninsu ɗaya, yarensu daban, wani ramin ɗaya kaɗai yake ji. Tsohuwar kwamfutar cinya ma yawanci ba ta da ramin sam, SSD mai inci 2.5 take ɗauka.

In diskin na hannu ne, kada ka biya sai an jona shi a gabanka an buɗe CrystalDiskInfo, manhajar kyauta ce. Diski na riƙe da lissafin awannin da ya yi aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, ka raba ka ga shekarunsa. In manhajar ta nuna rawaya ko ja, bar shi ko kyauta ne. Ko wannan ba kariya ce cikakkiya ba, don a farkon 2025 an gano a Jamus wasu dillalai na sayar da tsofaffin diskokin Seagate da aka goge lissafinsu a matsayin sababbi. In an yi wa Jamusawa haka, kai da ke saye a bakin iyaka sai ka ƙara buɗe ido. Kati da kile kuwa, H2testw ke tona asirinsu: tana cika su taf ta sake karantawa, sai ta faɗa maka gaskiyar cikinsu. Da na san ta a 2019, da ban rubuta sakin layi na uku ba. Abin haushi, mutanenmu sukan yi faɗa a inda babu cuta. Diski mai tera 1 in ya nuna giga 931 ba a sace maka komai ba, bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Na ga wanda ya kusa dambe a kan wannan, da katin jabu a wayarsa.

Ɗan yayata ya kuma tsorata ni da wani abu wai SMR. Na bincika. Wata hanyar rubutu ce da layukan diski ke hawa kan juna kamar baibayar ɗaki, in za ka canza layi ɗaya sai ka ɗaga na kansa, shi ya sa sake rubutu ke yi masa nauyi. A 2020 aka yi ta cece-ku-ce da aka gano Western Digital ta sa irinsa cikin wasu diskokinta na WD Red ba ta bayyana ba, har ta fito da Red Plus don bambancewa. Amma waɗanda abin ya ƙona su ne masu haɗa diskoki da yawa su zama ɗaya, abin da ake kira RAID, musamman a TrueNAS, wadda ita kanta RAM giga 8 take nema kafin ta kula ka. Mai zuba hoto sau ɗaya ya riƙa kallo, SMR ba ta hana shi barci. Yawancin ƙananan diskokin yanzu masu tera 1 da 2 irinsa ne, nawa ma haka, yana aikinsa. Tsoron ma daga YouTube aka kwaso mana shi.

RAID ɗin kansa shi ne ƙarshen abin da nake faɗa da shi, domin shi ne hujjar da ake kafawa a sayar wa mutum babban akwati. Wai diski biyu su riƙa kwaikwayon juna, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. To, in ɗanka ya goge fayil, a take na biyun zai goge nasa. In tsawa ta faɗa, tare za su ƙone. Ɓarawo ba ya ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya, kuma damina in ta kayar da shigifa ba ta tambayar diski nawa ne a ciki. Manomin Adar mai hankali ba ya zuba hatsin ci da na iri a rumbu ɗaya. Diski biyu za ka saya, wannan dole ne, in kuɗi sun gaza gara biyu masu giga 500 da ɗaya mai tera 1. Ɗaya a cikin na'ura, ɗaya a gidan USB, a kwafa masa a cire shi, a kai shi wani gida.

Nawa na biyun yana Keita wajen ƙanwata, a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan kwalla. Ƙarshen wata in na shiga gari nakan ɗauko shi, in kwafa, in mayar a zuwa na gaba. Abin da na fara sawa a ciki muryar Goggo ce, aminiyar mahaifiyata, wadda suka ɗauki duwatsu tare. Ta tuna wasu sunayen, wasu sun ɓace mata.

Abokina kuwa, makon jiya muka kwance akwatin muka ciro diskin don ko zai yi amfani. Awa 41,000 da ɗoriya, kuma rawaya. Ya aika a tambayi mai shagon ko zai karɓi kayansa. Ya ce zai karɓa, a jika 10.